Yadda Ake Zagaya Jajayen Duwatsun Red Rock Canyon da Mota

A yammacin birnin Las Vegas da ke jihar Nevada ta Amurka, tafiyar kimanin kilomita 27 daga tsakiyar gari, akwai wani yanki na hamadar Mojave da ake kira Red Rock Canyon, inda jajayen duwatsu da farare suka tashi sama kamar ganuwar tsohon birni. An ayyana wurin a matsayin yankin da gwamnatin tarayya ke kiyayewa a shekarar 1990, kuma hukumar kula da filayen gwamnati da ake kira BLM ce ke tafiyar da shi. A cikinsa akwai titin kwalta mai tsawon mil 13, wato kusan kilomita 21, wanda aka shimfiɗa domin masu son ganin duwatsun daga cikin mota. Abin da ya kamata mai shirin zuwa ya riƙe tun kafin komai shi ne titin hanya ɗaya ce tak. Idan ka shiga ba juyowa, idan ka wuce wurin tsayawa ba ribas, kuma babu gidan mai ko gidan abinci a ciki. Saboda haka mafi yawan aikin wannan tafiya ana yin sa ne kafin a isa ƙofa.

Zaɓen lokaci

Mataki na farko shi ne zaɓen wata, kuma a nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Mutumin da ya tashi a Sakkwato ko Maraɗi zai iya cewa zafi ba baƙonsa ba ne, amma zafin Yuni da Yuli da Agusta a wannan hamada ba abin gwada ƙwanji ba ne, domin yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos kwana bayan kwana, iskar kuma busasshiya ce ƙwarai, gumi na ƙafewa kafin mutum ya ankara cewa ruwan jikinsa na tafiya. A watan Yulin 2024 zafin Las Vegas ya kai digiri 49, wanda shi ne mafi tsanani da aka taɓa aunawa a birnin. Red Rock ya fi garin tudu, don haka yana da ɗan sassauci, amma sassaucin bai kai ya sa a yi sakaci ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Oktoba zuwa Afrilu. A watan Maris da Afrilu tsirran hamada kan yi fure idan an samu ruwa a hunturu, a Disamba da Janairu kuwa sanyi na iya tsananta har dusar ƙanƙara ta sauka a kan duwatsu, wani lokaci ma a rufe titin na ɗan lokaci.

Bayan wata sai sa'a. Ana buɗe ƙofa da ƙarfe 6 na safe duk shekara. Lokacin rufewa ne ke sauyawa: ƙarfe 5 na yamma daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙarfe 7 a Maris da Oktoba, ƙarfe 8 daga Afrilu zuwa Satumba. Babbar katangar duwatsun tana fuskantar gabas, shi ya sa hasken hantsi ke sauka a kanta kai tsaye, jan ya fito sosai, farin ya yi kamar an wanke shi. Da rana tsaka launin kan disashe, duwatsun su yi fari-fari. Wanda ya zo da yamma zai tarar katangar ta shiga inuwa, amma tuddan Calico da ke farkon hanya a lokacin suke ɗaukar wuta. Idan zaɓi ɗaya ne gare ka, zaɓi safiya, domin a lokacin ne wuraren fakin suke da sarari.

Tikiti da izinin shiga

Mataki na biyu shi ne neman gurbi. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, duk motar da za ta shiga tsakanin ƙarfe 8 na safe da 5 na yamma sai ta kama gurbi tun da wuri ta shafin intanet na Recreation.gov, inda ake zaɓar rana da sa'ar shiga. Ana iya kamawa tun kwana 30 kafin ranar, kuma gurbin safiyar Asabar da Lahadi shi ne ke fara ƙarewa. Kuɗin shiga dala 20 ne ga kowace mota tun daga 2023, ba a ƙirga yawan mutanen da ke cikinta, sai ƙarin dala 2 na kama gurbi. Wanda ya isa ƙofa kafin ƙarfe 8 ba ya bukatar gurbi, kuɗin shiga kawai zai biya, wannan kuma wani dalili ne na yin sammako. Ka sauke takardar shaidar a wayarka tun kana masauki, ko ka ɗauki hotonta, domin sabis na waya yana rauni a bakin ƙofar, kuma ba daɗi mutum ya tsayar da layin motoci yana neman saƙon da ya ƙi buɗuwa.

Mota da guzuri

Ba a bukatar babbar mota. Titin kwalta ne daga farko har ƙarshe, kowace ƙaramar mota mai lafiyar birki za ta bi shi. Baƙo zai iya ɗaukar hayar mota a cibiyar hayar motoci ta filin jirgin saman Harry Reid, da lasisin tuƙinsa da fasfo da katin banki, kuma ya fi kyau ya haɗa da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa da ya karɓo daga gida. Wanda bai kai shekara 25 ba yawanci ana ƙara masa kuɗi. A Amurka ana tuƙi a hannun dama, kamar yadda ake yi a Nijeriya da Nijar, don haka hannu ba zai rikice ba. Abin da ke kama baƙi shi ne alamun gudu da aka rubuta da mil, da kuma jar alamar tsayawa, wadda ake nufin a tsaya cak ko da babu kowa a hanya.

Kafin ka bar gari ka cika tanki, ka duba iskar taya, ka tabbata na'urar sanyaya mota tana aiki. Unguwar Summerlin ita ce ta ƙarshe mai gidajen mai da kantuna, a nan za a sayi duk abin da aka manta. Ruwa ne gaba da komai: lita 4 ga kowane mutum idan za a wuni ana tafiya a ƙasa, kuma a bar wani a mota wanda ba za a taɓa ba sai da larura. A tanadi abinci mai gishiri-gishiri kamar gyaɗa, da dabino, da hula mai faɗi, da takalmi rufaffe mai kama dutse. Silifa ba ta da wuri a nan. A cikin hunturu a ɗauki rigar sanyi ko da an fito gari da rana, domin iskar da ke kan tudu tana ratsa jiki.

Akwai abu biyu da Musulmi zai so ya sani. Ban-ɗakunan da ke wuraren tsayawa na rami ne, babu famfo, saboda haka buta da ruwanta na daban suna cikin kaya. Alƙibla kuma daga wannan yanki tana arewa maso gabas ne, ta fi karkata ga arewa, saɓanin yadda muka saba fuskantar gabas a gida, don haka a daidaita ta da manhajar waya tun ana da sabis.

Daga gari zuwa ƙofa

Hanyar ba ta da wuya. Ka kama titin Charleston ka miƙe yamma, shi ne yake zama babbar hanya mai lamba 159 da zarar gidaje sun ƙare. Wanda ya fito daga kudancin gari ko filin jirgi zai bi hanyar zobe mai lamba 215 ya sauka a Charleston. Bayan 'yan kilomitoci za ka ga kwanar Calico Basin a hannun dama. Ka wuce ta, ƙofar da kake nema tana gaba kaɗan, ita ma a dama.

Da zarar ka wuce rumfar karɓar kuɗi, ka tsaya a cibiyar baƙi, kada ka ce sai ka dawo, domin mafitar titin tana wani wuri ne dabam. A nan za ka karɓi taswirar takarda, ka cika gorunan ruwa, ka tambayi ma'aikata ko akwai hanyar da aka rufe ko hasashen ruwan sama. A bayan ginin akwai shinge da ake kiwon kunkurun hamada. Minti ashirin sun isa. Amfanin tsayawar shi ne ka zauna da taswira ka zaɓi wurare uku ko huɗu da za ka ba lokaci, tun da wanda ya ce sai ya sauka a kowane wuri zai ƙare yana fita da shiga mota bai ga komai da kyau ba.

A kan titin

Iyakar gudu mil 35 ne a sa'a, kimanin kilomita 56, kuma a wurare da yawa alamu na rage shi. Titin yana da kwana-kwana da hawa da gangara, kana raba shi da masu keke da masu gudun motsa jiki. Dokar Nevada ta ce a bar wa mai keke tazarar ƙafa uku, kusan mita ɗaya, idan za a wuce shi, kuma kada a wuce shi a kwanar da ba a ganin gaba. Ba a tsayawa a tsakiyar hanya don ɗaukar hoto, ba a sauka gefen titi a kan tsirrai, sai a wuraren da aka keɓe. Direba ya bar kallo ga fasinjoji har sai ya yi fakin. Idan ba a tsaya ko'ina ba, zagayen ba ya wuce minti 45, amma wanda ya yi haka asarar kuɗin shigarsa kawai ya yi. A ware sa'a uku zuwa huɗu.

Wurin tsayawa na farko shi ne Calico I, sai Calico II a gabansa kaɗan. A nan ne jan dutsen ya fi kusa da titi, kuma a nan ya kamata mutum ya sauka ya sa hannu a jikinsa. Za ka ji shi da kaushi kamar bangon da aka yi wa yaɓen yashi, domin asalinsa yashi ne. Masana ilimin duwatsu sun ƙiyasta cewa kimanin shekaru miliyan 180 da suka wuce wannan yanki tekun rairayi ne, tuddan yashi irin waɗanda ke Tenere a arewacin Nijar, iska na kwashe su tana jibgewa. Da tafiya ta yi tafiya ruwan ƙasa ya ratsa su, ma'adinai suka manne ƙwayoyin yashin suka zama dutse. Idan ka dubi jikin dutsen da kyau za ka ga layuka a karkace suna gitta juna, wasu sun kwanta dama wasu hagu. Waɗannan sawun iskar wancan zamani ne, kowane layi gangaren tudun yashi ne da ya daskare a inda yake. Jan launin kuwa tsatsa ce, ƙarfen da ke cikin yashin ne ya haɗu da iska da ruwa. Inda ruwa ya wanke ƙarfen, ko inda bai taru ba, dutsen ya fito fari ko ruwan ƙasa, shi ya sa za ka ga ja da fari sun rabu da layi kamar an ja da zare. Za ka kuma hangi masu hawan dutse da igiya manne a jikin katanga, domin wurin yana cikin sanannun wuraren wannan wasa a Amurka.

Daga nan sai Sandstone Quarry, inda aka haƙi dutsen gini a farkon ƙarni na 20 ana kai shi biranen Kalifoniya, har aikin ya mutu saboda tsadar jigila. Manyan tubalan da aka yanka suna nan a zube. Idan tafiyar ƙasa ɗaya za ka yi a ranar, ni dai wadda ta tashi daga nan zan ba ka shawara, wato hanyar Calico Tanks. Ba ta kai kilomita 4 zuwa da dawowa ba, amma tana cin sa'a biyu, domin akwai wuraren da sai an dafa dutse da hannu. Tana bi ta cikin kwazazzabo tsakanin jajayen duwatsu har ta kai wani kwarmin dutse da ruwan sama ke taruwa, daga bayansa kuma sai ga birnin Las Vegas shimfiɗe a ƙasa. Daga wannan fakin ne kuma ake hawa ƙololuwar Turtlehead mai tsayin fiye da mita 1,900, amma wannan aikin rabin wuni ne na masu ƙarfin gwiwa, ba na wanda ya zo da yara ba.

Bayan haka titin zai yi ta hawa har High Point Overlook, wuri mafi tudu a zagayen, kimanin mita 1,450 daga doron teku. Minti goma sun isa, amma kada a tsallake shi, domin daga nan ne ake ganin abin da ya sa masana ke tururuwa zuwa yankin. Dubi saman duwatsun: launin toka ne a sama, ja da fari a ƙasa. Mai tokar dutsen farar ƙasa ne da ya samu a ƙarƙashin teku, kuma ya girmi jan da ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Bisa al'ada tsoho ne ke ƙasa, sabo a sama. A nan abin ya juye, domin kimanin shekaru miliyan 65 da suka wuce motsin ɓawon ƙasa ya tura tsohon dutsen ya hau kan sabon, a tsagar da ake kira Keystone Thrust. Wannan murfin mai tauri ne ya kare dutsen yashin daga zaizaya.

Kwanar White Rock da ke gaba hanyar tsakuwa ce, kuma yarjejeniyar yawancin motocin haya ta hana barin kwalta, don haka a wuce ta. Kwanar da ba za a wuce ba ita ce ta Willow Spring, wadda ke shiga dama zuwa cikin wani kwari mai inuwa da tebura. Nan ne wurin cin abinci da salla. Saboda akwai idon ruwa, mutane sun daɗe suna zama a wurin tun kafin zuwan Turawa, ciki har da ƙabilar Paiute ta Kudu, waɗanda zuriyarsu ke yankin har yau. Tafiyar 'yan mintuna za ta kai ka bangon da suka sassaƙa zane a jikinsa, akwai kuma tambarin tafin hannu da aka yi da jan launi, da tarin ƙonannun duwatsu na ramukan da suke gasa zuciyar wani tsiro mai suna agave, wadda siffarta ta yi kama da abarba. Ba a taɓa waɗannan zane, domin maiƙon hannu yana lalata su, kuma rubutu a kansu laifi ne da kotun tarayya ke hukuntawa. A kusa akwai gajeriyar hanyar Lost Creek mai dacewa da yara, wadda ke ƙarewa a wani magangarin ruwa da ke zuba a hunturu da bazarar Amurka. Inda kwalta ta ƙare, hanyar Rocky Gap ta fara, ita kuma ta motoci masu jan ƙafa huɗu ce kawai. A juyo daga nan a koma babban titi.

Sauran zagayen gangara ce a gindin katangar. Ice Box Canyon matsattsen kwari ne da rana ba ta cika shiga ba, sanyinsa ya ba shi suna, amma hanyarsa duwatsu ce masu gajiyar da ƙafa. Pine Creek ya fi sauƙi, kuma yana da dogayen itatuwa masu ganye kamar allura waɗanda a ka'ida sai a kan tsaunuka ake samunsu, ga kuma kufan gidan wani manomi na shekarun 1920. Wanda ya riga ya yi Calico Tanks zai iya tsayawa a fakin ya kalla kawai.

Abubuwan da ke jawo matsala

Ruwan sama ya fi zafi saurin kisa a irin wannan wuri. Daga Yuli zuwa Satumba hadari kan taso da rana ba shiri, kuma tun da dutse ba ya shan ruwa, ruwan da ya sauka a kan tsauni mai nisa zai iya cika busasshen kwari cikin mintuna alhali inda kake rana ake yi. Idan ka ga hadari a kan duwatsu ko ka ji tsawa, ka fita daga kwazazzabo ka nemi tudu, idan kuma ruwa ya gitta titi ka tsaya ka jira ya janye, kada ka gwada zurfinsa da mota. Dutsen yashin da ya jiƙe yana rauni yana ɓarewa, shi ya sa ake barin hawansa aƙalla kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa.

Dabbobin wurin a kalle su daga nesa. Akwai jakunan jeji, jikokin waɗanda masu haƙar ma'adinai suka sake, sukan matso kusa da motoci. Ba su abinci laifi ne mai tara, domin shi ke jawo su kan titi mota ta buge su, kuma suna cizo da harbi. Idan Allah ya sa ka dace za ka hangi ragon dutse a kan tsauni, musamman wajen Willow Spring. Kunkurun hamada ba a ɗaga shi, saboda idan ya firgita yakan zubar da ruwan da ya tara a mafitsararsa, wanda da shi yake rayuwa a watannin fari. Akwai kuma maciji mai dafi wanda wutsiyarsa ke ƙara kamar caki, don haka ba a sa hannu ko ƙafa a ramin da ido bai gani ba. Kada a bar jaka ko kwamfuta a fili cikin mota a wuraren fakin. Lambar neman agaji 911 ce, amma tun da waya ba ta kamawa a wurare da yawa, ka shaida wa wani inda za ka da lokacin da za ka dawo.

Fita

Ka lissafa lokacinka yadda za ka bar titin kafin sa'ar rufewa, domin motar da aka samu a ciki bayan lokaci ana rubuta mata tara. Mafitar tana sauke ka a kan hanya mai lamba 159, kimanin kilomita 3 daga inda ka shiga. Idan ka juya hagu za ka koma Las Vegas, kuma a hanya akwai Red Rock Overlook, wurin tsayawa kyauta inda ake ganin katangar gaba ɗaya daga nesa. Nan ne ya dace da wanda yake son ganin faɗuwar rana bayan an rufe ƙofa. Kafin ka shiga gari za ka sake tarar da kwanar Calico Basin, a hagu wannan karon, inda akwai idon ruwan Red Spring da gadar katako mai sauƙin bi ga tsofaffi da masu keken guragu. Idan kuma ka juya dama daga mafita, za ka bi gindin duwatsun ta gaban Spring Mountain Ranch da ƙauyen Blue Diamond har ka haɗu da hanya mai lamba 160, wadda za ta mayar da kai kudancin birnin idan ka juya hagu.